Wane suna za mu ba "taxidermy": cushen dabba ko jimar siffa?

'Yan'uwa masu kishin harshe, ga kalmar da nake so mu tsayar mata da suna: taxidermy. Ita ce sana'ar gyara fatar dabbar da ta mutu har a gan ta kamar mai rai, irin waɗanda ake ajiyewa a gidajen tarihi ko a rataye a bango. Maharbin da ɗakinsa ƙarami ne, yana kuma son ajiye shaidar farautarsa, yana da zaɓi huɗu ko biyar, amma babu ko ɗaya da muke da sunan da za mu faɗa masa ya gane.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce "cushen dabba". Malamina da ya kawo ta, Allah ya ƙara girma, ban yarda da ita ba. Gaskiya ne a da haka ake yi, a ɗinke fata a cusa mata ciyawa da tsummoki, dabba ta fito a kumbure, babu kafaɗa babu jijiya. Amma an bar wannan hanya fiye da shekara 100. Carl Akeley, Ba'amurken da ya yi aiki a gidajen tarihi na Shikago da New York, ya kuma rasu a 1926, auna dabbar yake yi, ya gina jikinta da yumɓu tsoka bayan tsoka, ya fitar da kwafi marar nauyi, sannan ya sa masa fata. A yau jikin na roba ne mai kama da soso, idanun na gilashi, fatar kuma jemammiya ce ake sa wa jikin kamar riga. Duk wanda ya ji "cushe" zai ɗauki aikin a baibai.

"Mutum-mutumin dabba" ma an kawo. Matsalarsa ba ya nuna cewa fatar da ƙahon na gaske ne. "Taksidami" kuwa aro ne, aro ba laifi ba ne, sai dai ba ya gaya wa kunnen Bahaushe komai.

Tawa shawarar ita ce jimar siffa, mai yi majemin siffa, jam'i majeman siffa. Asalin kalmar Girkanci ne, taxis tsarawa, derma fata, wato fata ce ginshiƙin aikin. Mu kuma mai gyaran fata don kada ta ruɓe muna da sunansa tuntuni: majemi. Abin da ya ƙaru kawai shi ne ana barin gashi, ana kuma mayar wa fatar da siffar mai ita.

To ga inda maganar wuri ta shigo.

Dabba sukutum a tsaye da ƙafafunta, mu ce mata cikakkiyar siffa. Gada ko tsuntsu za su zauna a kan tebur, amma ɓauna sai ta cinye ɗaki. Mai ƙaramin wuri ya manta da ita.

Wadda aka fi gani ita ce kai da wuya zuwa ƙirji, a manne a bango. Ina ganin kai-da-kafaɗa ya dace da ita. Ita ce take yaudarar mutane, domin sai a auna faɗin bango a manta da yadda take fitowa waje, alhali takan kai rabin mita ko fiye, a wurin da mutum zai wuce da kansa. Ƙahon gwanki baya yake lanƙwasa, dole a miƙo wuyan gaba sosai kada ya tokari bango. Na ɓauna faɗi ne da nauyi, sai bango mai ƙarfi. Sunan nan kuma yana da wani amfani: yana tuna wa mai fiɗa cewa kafaɗa tana cikin lissafi. Daga bayan ƙafafun gaba ake zagaye fatar. Wanda ya datse ta a wuya tun a daji ya rufe wa kansa wannan ƙofa, babu majemin da zai ƙara masa abin da aka yar.

Wadda nake ba mai ƙaramin ɗaki shawara ita ce wadda Amurkawa ke jingina wa Turai, wato ƙoƙon kai fari tas da ƙahonsa, babu fata. Jingina ta ga wata nahiya ba ya bayyana komai, mu ce ƙoƙo-da-ƙaho. Ana cire naman ta hanyar dafawa a wuta kaɗan-kaɗan, ko jiƙawa a ruwa, ko a bar wa wasu ƙwari masu cin busasshen nama, sannan a faranta ƙashin da sinadarin haidurojin feroksaid. Ruwan bilic na wanki cinye ƙashi yake yi, a guje shi. Galibi ba ta da nauyi, ƙusa ɗaya mai kyau ta riƙe ta, babu gashin da rana za ta koɗe ko asu ya ci. Wani ɗan'uwa ya ce ai nan babu jima. Haka ne, amma hannu ɗaya ke yin duka, shi ya sa na bar ta a ƙarƙashin jimar siffa. Idan wurin ya fi haka ƙunci, a yanko ƙahon da ɗan ƙashin goshi a kafa a katako: ƙaho-kan-allo.

Fatar da aka shimfiɗa da gashinta ba ta neman sabon suna, buzu ya ishe ta.

Saura ɗaya da ban tsayar ba: kai-da-kafaɗar da ake ɗorawa a kan wani abu a ƙasa ko a tebur, mai amfani a lungun ɗaki idan bango ya cika. Ina tsakanin "mai turke" da "mai ginshiƙi". Turke ya fi kusa da dabba, ginshiƙi ya fi nuna cewa ɗaukar nauyi yake yi. Maharba da majema na cikinmu, wanne ya fi zama a bakinku?