Fasfon mahaifiyata ya tsaya saboda shekarar haihuwa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Tudun Wadan Zariya nake rubutu, kuma al'amarin ya fara hana ni barci.

Muna son Hajiyarmu ta yi Umara a azumin da ke tafe. Shekara uku muna tara kuɗin ni da ƙannena. Na je wani shagon kwamfuta a Sabon Gari domin cike mata fom ɗin fasfo ta intanet. Da yaron shagon ya saka lambar NIN ɗinta, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, sai ga 1968 a matsayin shekarar haihuwa, alhali takardar shaidar shekarunta ta kotu 1963 ta nuna. Sunan ma Hauwa kawai ya fito, ita kuwa Hauwa'u ce a duk takardunta. Yaron ya ce in cike haka nan, ba wanda zai lura. Zuciyata ba ta kwanta ba, na karɓi takardun na dawo gida ban biya ko sisi ba.

Na san dai abin da ke kan NIN shi za a ɗora a fasfo, gyaransa kuma a wajen NIMC, hukumar da ke ba da lambar, ake yi. To wanda ya taɓa gyara shekarar haihuwa, wace takarda ya kai, kuma sati nawa ya ɗauka kafin gyaran ya bayyana a shafin neman fasfo? Za a iya haɗa gyaran suna da na shekara lokaci guda?

Kullum bayan Magariba sai Hajiya ta tambaye ni, "Ɗan nan, an kira mu ɗaukar hoton?" Don Allah ku taimaka.