Tallafin korona na manoma a Amurka, zagaye na biyu: wa ya karɓa? (Hira ce da aka yi a shekarar 2020)

Mai Tumaki: Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka cike takardar CFAP ta biyu, wato tallafin korona da gwamnatin Amurka ke ba manoma, ni zan je da kaina ko in ba wani ya cike min? Tumaki ne da 'yan awaki.

Alhaji na Texas: Wa alaikumus salam. Ka kira ofishin FSA, wato hukumar kula da harkokin manoma, na gundumarku tukuna, sai an ba ka lokaci ake ganinka yanzu. Ranar 11 ga Disamba 2020 ake rufewa.

Baba Makiyayi: Ɗana, kada ka ba kowa. A zagayen farko wani ya zo mana da daɗin baki, wai ya san hanya, ya karɓi kuɗina tun kafin ya taɓa takarda. Ya riƙe rasiɗaina na sayar da shanu, na bi shi har na gaji, waya ba ya ɗauka. Da ƙyar na karɓo su saura kaɗan wa'adin Satumba ya cika. Kuma ashe kyauta ake cikewa, ma'aikatan ma suna taimaka maka ta waya. Abin ya ƙona min rai, don kuɗin abincin dabbobi ne na ba shi a lokacin da mayanka suka tsaya, farashin shanu ya faɗi. Sa hannunka ne a kan takardar nan, idan aka zo bincike kai za a tambaya. Ka adana duk wata shaida, shekara 3 ake so ka riƙe su.

Hajiya: Allah ya mayar da alheri, Baba.

Alhaji na Texas: Tumaki dala 27 ne kowane kai, shanu 55. Kai za ka zaɓi ranar da garkenka ya fi yawa tsakanin 16 ga Afrilu da 31 ga Agusta. To ka ɗauki rana kafin Layya, tun ba ka sayar da ragunan ba. Amma iyaye da ragon barbara ba sa ciki.

Mai Tumaki: Awakin fa, Alhaji?

Alhaji na Texas: Su da cinikinka na 2019 ake lissafawa, ba da yawan kawunansu ba.

Malam: Ni tambayata, ba bashi ne mai ruwa ba? A kiyaye.

Hajiya: Ba bashi ba ne, Malam, ba a biya. Sai dai haraji na hawansa, za su aiko maka da takardar haraji mai suna 1099-G. Ka ware wani abu gefe.

Ƙanin Alhaji: Duk wannan wahala a kan dala 27? Manyan gonaki ne ke kwashewa, mutum ɗaya har dala 250,000.

Baba Makiyayi: Yaro, mai tumaki 100 fa? Ciyawar hunturu ce guda. Hakkinsa ne, don me zai bari?

Ƙanin Alhaji: Ban ce ya bari ba, Baba. Rabon ne bai yi min ba.

Malam: Kun tuna min, wa ke da ciyawa mai sauƙi? Tawa ba za ta kai Janairu ba.

Mai Tumaki: Yawancin cinikina hannu da hannu ne, ba rasiɗi. Littafin da nake rubutawa zai wadatar?

Hajiya: Ka tafi da shi, haɗe da takardun banki, ka tambaye su kai tsaye. Malam, zan kira ka bayan la'asar a kan ciyawar.