Wayar inbata ta narke min a shago, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Tela, Kano:
Assalamu alaikum. Jiya da la'asar na jona dutsen guga a inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta soket, ko minti biyar ba a yi ba sai ƙauri ya cika shago. Wayar da ta taso daga batir ce ta yi laushi har robarta ta manne a jikin katako. Dutsen wat 1,000 ne, kuma shekara biyu ina aiki da shi a wutar NEPA da siririyar waya, lafiya lau. Don Allah a fahimtar da ni.

Mai haɗa sola, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Malam. Ni ma farkon fara sana'a na ƙona wa wani bawan Allah waya haka, har yau ina jin kunyar ranar. Maigidana ne ya zaunar da ni ya ce wat shi ne bolt sau amfiya. A soket bolt 230 ne, ka raba 1,000 da 230, amfiya 4 da 'yan kai ke nan. Batirinka kuwa bolt 12 ne, don haka sai ya fitar da amfiya 83, ban da abin da inbata ke ci na kanta. Zafin waya kuma amfiya sau amfiya ne sau turjiyar wayar, wato yadda take tauye wucewar wuta. Amfiya ta ninku sau 19, zafi ya haura ninki 360 a waya iri ɗaya. Shi ya sa nake sa kakkaura kuma gajeriya tsakanin batir da inbata, da fis a kusa da kan batir.

Ɗaliba, Zariya:
Ni kuma abin da ya ɗaure min kai daban ne. An koya mana dokar da Georg Ohm ya fitar a 1827, turjiya ita ce bolt a raba da amfiya. Na lissafa ƙwan fitila mai zare na wat 60 a bolt 230, ya ba ni turjiya wajen om 880. Da na ɗora mita a kansa, ko 100 bai kai ba. Na zaci mitar ce ta lalace.

Mai gyaran rediyo, Maraɗi:
'Yata, mitarki ƙalau take. Kin auna shi a sanyi ne. Zaren in ya yi ja, turjiyarsa na ninkuwa fiye da sau goma, wadda kika lissafa ta lokacin da yake ci ce. Kin lura yawanci daidai lokacin kunnawa ƙwai ke mutuwa? Dalilin ke nan.

Nawa kuskuren a ƙaramar fitilar LED ja ne, na ɗora ta kai tsaye kan batirin mota, nan take ta ƙone. Ita bolt 2 take so da amfiya 0.02. Batirin bolt 12 ne, ragowar bolt 10 a raba da 0.02, om 500. Na sa wa wata sabuwa rizisto, wato abin rage ƙarfin wuta, mai om 560, tana nan tana ci a kan teburina.

Tela, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga na Kaduna, in na ƙara batir na koma bolt 24, amfiyar za ta dawo wajen 42 ke nan?

Mai haɗa sola, Kaduna:
Haka ne, amma sai ka sauya inbata zuwa mai 24. Kafin nan, ka koma wa dutsen gawayi.