FreeRTOS ko Zephyr: Shawarwarin Masu Haɗa Ƙananan Na'urori

FreeRTOS da Zephyr manhajoji ne masu tafiyar da ƙananan na'urori, kuma tambayar ita ce wanne ya kamata a zaɓa. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara duba ƙwaƙwalwar na'urar tukuna. Idan RAM ɗinta (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) 'yan kilobait ne, FreeRTOS ya fi dacewa, don ba ya cin wuri, kuma lasisinsa na MIT ne (mai ba kowa damar amfani da shi kyauta) tun 2017 da Amazon ta karɓi ragamarsa.

Zephyr kuwa, wanda ke ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation, yana zuwa da Bluetooth da direbobi (manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura) a haɗe. Sai dai koyon devicetree da Kconfig (hanyoyin bayyana masa sassan na'ura da saita shi) akwai cin rai, kuma a ganina masu wannan kuka suna da gaskiya. Wasu sun ƙara da cewa a gwada shi a kan ainihin allon lantarkin da za a kai kasuwa, a auna saurin amsawarsa lokacin da ayyuka suka yi masa yawa.