Raɓar rumfar leda tana ɓata min kabeji da hoto, ina mafita?

Masana lambu da masu kyamara, ku taimaka. Kabeji ne a ƙarƙashin rumfar leda, tazarar santimita 45 tsakanin shuka da shuka, ban ruwa da safe kawai. Da dare sanyi yakan sauka zuwa digiri 5, da hantsi cikin rumfar ya haura 15, ledar na ɗigar da ruwa. Yanzu tsofaffin ganyen ƙasa sun yi tabo rawaya a sama, bayansu kuma wata fumfuna fara-fara kamar gari. Zatona ciwon laima ne, ba ƙunar sanyi ba, don ƙunar sanyi ba ta barin gari. Amma ina son hoto na kusa kafin in fesa komai.

A nan aikin ya cije. Kyamara ta yi sanyi a waje, da an shiga rumfa gilashinta ya yi hazo. Sa ta cikin jakar leda minti 30 ta ɗumama yana maganin wannan, sai dai kafin nan raɓar ganyen ta bushe, fumfunar ta kwanta. A girman 1:1 (wato abu ya shiga kyamara da ainihin girmansa) da f/8 (ma'aunin buɗewar ƙofar hasken kyamara), zurfin abin da ke fita tangaran bai wuce milimita 1 ba, ganyen kabeji kuwa duk lanƙwasa ne. In na ƙara matse ƙofar zuwa f/22 don zurfin ya ƙaru, sai hoton ya dushe, filasha kuma ƙyalli take yi a kan jiƙaƙƙen ganye.

Shin in tsinko ganyen in ɗauki hotuna da yawa a ɗaki, kowanne da ɓangaren da ya fito tangaran, in haɗa su su zama ɗaya? Sannan buɗe bakin rumfar awa nawa ke korar laima ba tare da sanyi ya tsayar da girman kabejin ba?