Neman sunan Hausa ga "papier mâché" kafin hutun yara

Malamar Zane, Yantala:
Assalamu alaikum. Babban hutu ya ƙarato, gidajen al'adu na unguwannin Yamai sun fara tsara ayyukan da yara za su yi daga Yuli zuwa Satumba. Sanarwar za a karanta ta a rediyo da Hausa, a kuma liƙa ta a ƙofa. Zane da rini da saƙa da wasan kwaikwayo duk da sunansu. Wanda ya gagara shi ne papier mâché, wato a jiƙa tsohuwar takarda da manne, a siffanta ta, ta bushe ta yi tauri, a yi mata fenti. A Faransanci ma'anarsa takardar da aka tauna. In mai sanarwa ya ce "taunanniyar takarda", babu uwar da za ta turo ɗanta. Ana neman gajeren suna da uwa za ta ji sau ɗaya ta gane abin da yaro zai yi da hannunsa.

Tsohon Mushe (malamin lakwal), Bukoki:
Wa alaikumus salam, ƴata. A bar shi yadda ya zo mana, a rubuta "papiye mashe". Mun ari lakwal, mun ari kaye, mun ari bik, Hausa ba ta ragu da komai ba.

Malamar Zane, Yantala:
Baba, kaye da bik tare da abinsu suka shigo, yaro ya riƙe a hannu ya ji sunan, shi ke nan. Nan kuwa sunan ne zai riga abin isa kunnen iyaye. Kuma a rediyo "mashe" da "mushe" ba su da nisa.

Mai Aikin Hannu, Wadata:
Kafin a raɗa suna a lura, aiki biyu ne Faransanci ya haɗa a kalma ɗaya, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Na farko na liƙi ne. Ana yayyaga jarida ko tsohon kaye, faɗin yatsa biyu, tsawon tafin hannu. Da hannu ake yagawa, ban da almakashi, domin bakin yagaggiyar takarda yana da laushi, yana kwanciya a kan ta ƙasa ya ɓace, na almakashi kuwa tashi yake ya bar layi. Jarida tana da gefen da take yaguwa a miƙe. In yagar tana karkacewa, a juya takardar a yaga ta ɗaya gefen. A tsoma yanki a manne, a ja shi tsakanin yatsu biyu ya tsiyaye, a shimfiɗa a bayan ƙwaryar da aka kife. Shimfiɗa ta farko a tsaye, ta biyu a gicciye, ta uku a tsaye. Uku a yini, kada a ƙara. Kwano mai ƙwari yana son shimfiɗa shida zuwa takwas. Takarda mai sheƙi irin ta kalanda ba ta shan manne, a ware ta.

Na biyu na daka ne. A gutsuttsura takarda ƙanana, a zuba mata ruwan zafi ta kwana, a daka, a matse a tsohon ƙyalle, a kwaɓa da manne: awo huɗu na matsattsiyar takarda, awo ɗaya na manne. Kwalin ƙwai ya fi komai saurin narkewa, don shi ma dakakkiyar takarda ce tun daga masana'anta. Gwajinsa, a dunƙula a danna da yatsa. In ruwa ya fito, matsar ba ta isa ba. In ya tsage, a ƙara manne kaɗan. Da shi ake yin duwatsun wuya, da ƴaƴan itace, da taswirar Nijar mai tudu da kwari a kan katako. Kaurinsa kada ya wuce santimita ɗaya, in ba haka ba waje ya bushe ciki ya ruɓe. Abu mai girma a sa masa cikin gora ko dunƙulen busasshiyar takarda. Turmin kuma a keɓe shi, kada a koma daka abinci a ciki, saboda tawadar jarida.

Baba Magini, Tawa:
Wanga aiki da kunka bayyana ai mu gini muke ce mishi. Mai yin tukunya magini, aikinshi ginin tukwane. Hanyar ma guda ce: a kife tsohuwar tukunya, a barbaɗa mata toka, a shimfiɗa yumɓu bisa bayanta a bubbuga, in ya sha iska a ɗaga. Ku ƙwarya kunka sa wurin tukunya, takarda wurin yumɓu. Ku ce ginin takarda, ku huta.

Ɗalibar Harshe, Harobanda:
Shawarar Baba ta zauna a tsarin harshen. Muna cewa ginin ƙasa, ginin dutse, ginin siminti, kalma ta biyu tana faɗin abin da aka yi ginin da shi. Ginin takarda layinsu ya bi. Damuwata ɗaya, wani zai ji ya ɗauka ƙananan gidajen kwali ake nufi, irin waɗanda yara ke yankawa su haɗa.

Ba dole ba ne a bi taunar Faransawa. Larabawa "ajinatul waraƙ" suke cewa, kwaɓin takarda. A Kashmir, inda sana'ar ta daɗe ta yi suna, tsohon sunanta "kari ƙalamdani", aikin gidan alƙalami, domin akwatunan alƙalami aka fi yi da ita. Kowa da inda ya kama. Ni da za a bi ta Larabawa a ce kwaɓin takarda, da ya fi fita daga ruɗani. Tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, irin waɗannan sunaye za su riƙa shiga takardun lakwal, gara a zaɓa da kyau.

Mai Aikin Hannu, Wadata:
Ƙanwata, kwaɓi rabin aikin kawai ya ɗauka. Mai liƙa yanki-yanki a bayan ƙwarya bai kwaɓa komai ba, kuma shi ne aikin da aka fi ba yara. Ban da haka, Bahaushe in ya ce abu ya kwaɓe kin san me yake nufi.

Hajiya Mai Rini, Talaje:
Kuna ta faɗin manne, manne, ba ku ce wane ba, alhali nan ne aikin ke lalacewa. Na garin alkama: gwangwani ɗaya na gari, biyar na ruwa. A dama garin da gwangwani ɗaya na ruwan sanyi har gudaji su mutu, a tafasa sauran huɗun, a zuba damun ana motsawa minti biyu zuwa uku, ya yi kaurin koko. A sa gishiri babban cokali biyu, yana rage saurin funfuna. Rabin kilo na gari yana ba da wajen lita biyar, ya ishi yara ashirin zama guda. Babba ne zai dafa, kuma sai ya huce sarai a ba yara. Ba ya kwana; da zafin Yamai gobe da safe ya yi tsami, kullum sabo ake yi.

Akwai iyayen da ba sa son ganin ana wasa da garin abinci, kuma suna da hujja. Sai a koma ga ƙaro, wanda almajirai ke sa wa tawada: awo ɗaya, ruwa awo biyu, ya kwana ya narke, a tace. Yana kamawa da kyau yana sheƙi, amma in ya ji laima sai ya koma danƙo. Farin gam na kafintoci, a sirka shi da ruwa rabi da rabi, ya fi su duka ƙarfi kuma ƙwari ba su cika damunsa ba, tsada ce matsalarsa. Dabarar masu ƙaramin kuɗi: duk shimfiɗun ciki da na gari, ta ƙarshe kawai da farin gam.

Malamar Zane, Yantala:
Hajiya ta taɓo laima, kuma babban hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, Agusta ne watan da ya fi ruwa a Yamai. Abin da zai bushe a yini ɗaya da rani yana iya cin kwana biyu ko uku. A shanya a rumfa mai iska, a kan raga ko sanduna yadda iska za ta bi ta ƙasa, in da fanka a kunna. A taɓa da bayan hannu: muddin akwai sanyi-sanyi, da sauran ruwa a ciki. Wanda ya yi fenti a kan haka ya kulle ruwan, bayan kwanaki baƙaƙen ɗige-ɗige su fito, wari ya biyo baya, ba gyara sai zubarwa.

Balan-balan da littattafan Turawa ke cewa a yi amfani da ita ba ta dace da nan ba. A rana iskar ciki ta kumbura ta tsaga aikin, da dare ta motse aikin ya yamutse. Ƙwarya ko kwanon roba sun fi. A rufe bayan da leda ko a shafa man kaɗe, kuma liƙin ya tsaya kafin inda bakin ƙwaryar ya fara tsukewa, in ya wuce nan ba za ta fita ba sai an yanka. Da dare a ɗora bisa tebur, domin gara da kyankyasai da ɓeraye duk abincinsu ne. A hutun Disamba matsalar juyewa take: hunturu ya busar da shi cikin sa'o'i, baki ya nannaɗe, don haka a bar shi a kan ƙwaryar har ya gama.

Liman na Unguwa, Lazare:
Abu biyu. A tantance takardun da yara za su kawo kafin a yaga, kada a haɗa da mai ayoyi ko sunan Allah, ko kayen darasin addini. Har jarida takan zo da su. Sannan a faɗi a sanarwa abubuwan da za a gina, kwano, faifai, gidan alƙalami, taswira, don wasu iyaye da sun ji gini za su tambaya ko mutum-mutumi ne.

Baba Magini, Tawa:
Ɗiyata mai karatun harshe, gidajen da kika ce ai sunansu na hannu: ginin kwali. Wanda anka ninka babu manne, ninkin takarda. Dakakkiyar nan kuwa da anka kwaɓa, tunda hannu ke murza ta, ku ce mata yumɓun takarda. Sai dai a gaya ma yara ba a gasa shi, ba a zuba mishi ruwa ko fura. Wuta cinye shi take.

Ɗalibar Harshe, Harobanda:
Na yarda, Baba. Da ginin kwali a gefe, ruɗanin ya kau. Ke nan sana'ar gaba ɗaya ginin takarda, hanya ta farko liƙi, kayan hanya ta biyu yumɓun takarda. Aikatau ma ya samu ba tare da ƙirƙira ba: ta gina kwano da takarda.

Tsohon Mushe, Bukoki:
To, na bi jama'a. Amma a takardar ƙofa a rubuta na Faransancin a ƙasa da ƙananan haruffa, don malaman da suka san shi da wancan suna. Kuma Yamai ce, a nemi wanda zai ba da na Zabarmanci.

Malamar Zane, Yantala:
An karɓa, Baba. Ga yadda zai fita: "Ginin takarda, ga yara ƴan shekara 6 zuwa 12. Za su gina kwano da gidan alƙalami da taswira da tsohuwar takarda. Kowa ya zo da tsofaffin kaye biyu, da ƙaramar ƙwarya, da tsohuwar riga." Tsarin kuwa kwana biyar: ranar farko yaga da shimfiɗa uku, ta biyu dakan yumɓun takarda yayin da kwanon ke bushewa, ta uku ƙarin shimfiɗa uku, ta ƙarshensu da farar takarda don rubutun jarida kada ya fito ta cikin fenti, ta huɗu cirewa da gyaran baki da farin shafe, ta biyar fenti.

Hajiya Mai Rini, Talaje:
A Agusta ki mai da shi kwana bakwai, Malama, ki bar yini guda babu taɓawa bayan kowane liƙi. Kuma ki ƙara "leda ɗaya" a kayan da za su zo da shi.