Me ya sa ƙofar ɗakin 'yan Mapuche ke kallon gabas?

Ɗan Gumel: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ci karo da bidiyon mutanen Mapuche na kudancin Chile, ɗakinsu na gargajiya da suke ce ma ruka, ciyawa ce tun daga sama har ƙasa, ba taga ko ɗaya, murhu a tsakiya. Abin da ya ɗaure min kai wai ƙofa sai ta kalli gabas. Mu a ƙauyenmu gudun gabas ake saboda ta nan ruwan damina ke bugowa, su ba ya shigar musu ne?

Malam Na Tasha: Wa alaikumus salam. Ai can iskar hadari daga arewa da yamma take tasowa, ɓangaren teku, to ka ga gabas ce mafaka. Amma ba wannan kaɗai ba ne, a al'adarsu gabas ita ce gefen alheri da lafiya tunda nan rana ke fitowa, so suke hasken safiya ya fara shigowa ɗaki, yamma kuwa suna danganta ta da mutuwa.

Maman Ilham: Ni hayaƙin nan ne wallahi ban gane ba, ido ba zai mutu ba?

Malam Na Tasha: Hajiya akwai kafar da suke bari a saman jinkar yana fita ta nan. Kuma amfani yake musu, yana korar ƙwari, kunkunniyar ta liƙe ciyawar ruwa ya kasa ratsawa, masara da barkono a rataye su sama su bushe, da barkonon da ya sha hayaƙi ake yin yajinsu merken. Wutar ma ba a cika bari ta mutu ba, nan ake girki nan ake hira nan tsofaffi ke ba yara labari da yarensu Mapudungun. Ginin kuma gayya ake, maƙwabta su taru mai ɗaki ya ciyar da su nama da abin sha.

Bature08: Kar dai ku ɗauka haka suke zaune yanzu fa. Tun da sojojin Chile suka gama mamaye yankinsu na Araucanía a 1883 aka matse su a 'yan filaye, ƙidayar 2017 ta nuna sun kai miliyan 1.7 kuma da yawansu a birni suke, Santiago da Temuco. Na ƙauye ma gidan katako da kwano ne, ruka tana gefe don girki da taro da saukar baƙi.

Maman Ilham: Kwano a wannan sanyin? Tab, ni kam a bar ni kusa da murhun.